Ƙwayoyin da Na Zuba a Tur'a

Kun tashi kuna jin cewa Goggonku Rakiya ce ta kashe yayarku. Ba wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku haka. Kun tsince shi ne a tsakar gida, daga yadda uwarku Hawwa take tsuke baki in an ambaci sunanta, da yadda ba a taɓa ba da ko ƙullin busasshiyar kuɓewa a kai mata ba in wani zai tafi Rusairis. Ni kuma ina zaune a rakuba, rumfar nan ta tsakar gida, ina jin ku, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wannan magana nake so in gyara, kuma ba zan yi wa kowa kwalliya a cikinta ba, har da kaina.

Sunan yayarku Hafsatu. Ita ce 'yar farina, don haka tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa kama shi da bakina ba, sai yanzu da na bar wa alƙalami. Ku da kuka zo daga baya ba ku san nauyin wannan al'ada ba, tunda kun hau mini kafaɗa kun ja mini gemu ba wanda ya hana ku. Ita kuwa "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". In ta kawo mini jabana, 'yar butar gahawa, sai ta ajiye ta juya, ni kuma in sami abin kallo a jikin bango. Kakanninmu sun ɗauko wannan kunyar tun daga ƙasar Sakkwato. Sun bar shanu da gonaki a hanya, amma ita ba su yar ba. Ina son yarinyar, wannan kam na faɗa a fili. Sai dai a shekara ashirin da muka yi gida ɗaya, in aka tara maganar da ta shiga tsakanina da ita ba za ta cika yini guda ba.

Shekarar da nake magana a kai, Idrisu ɗan maƙwabcinmu ya nemi aurenta. Ita ta kawo shi, ba mu muka kawo mata ba, kuma yaron ba shi da abin kushewa sai ɗaya: yana aiki a Jidda, zuwansa gida kuma yana hannun mai gidansa na can. Aka sa biki bayan an gama tsinkar auduga. A ƙauyenmu na kusa da Kamlin mun daɗe da ɗaukar gyaran amarya irin na maƙwabtanmu Larabawa. Amarya takan shiga ɗaki ta daina ganin rana, ta zauna a kan ramin turare da suke kira duhan, hayaƙin icen ƙamshi yana ratsa ta, a murje ta da dilka, a ɗura mata kunun madida mai man shanu safe da yamma, don ranar fita ta fito a cike tana sheƙi. Mai wannan aiki a ƙauyen duka ita ce ƙanwata Rakiya, wadda ta dawo gidana da zama bayan rasuwar mijinta. Hannunta a lalle ba a magana, har matan Larabawa sukan aiko a ɗauke ta. Matsalar ita ce Hafsatu jikinmu ta ɗauko, doguwa siririya, irin mu da za mu cinye akushi mu tashi kamar ba mu ci ba. Sati biyu ana ɗura madida, ko kumatu bai motsa ba. Nan ne Rakiya ta kawo najma, wata 'yar ƙwaya mai kusurwa biyar da mata suke saye a kasuwa a ƙulle cikin takarda. Ba Hafsatu aka fara ba wa ba. Rabin amaren ƙauyen sun sha ta a hannun Rakiya, kuma tana da ƙa'idarta: kwana arba'in, sannan ta riƙa ragewa har ta ƙare.

Idrisu bai zo bayan auduga ba. Aka ce bayan Sallar Layya. Layya ta wuce, aka ce wata mai zuwa, takardarsa ce ta maƙale. Duk lokacin da Rakiya ta yi shirin ragewa sai saƙo ya iso cewa ango yana hanya, Hafsatu kuma ta riƙe mata hannu tana roƙo kada jikin da aka sha wuya aka tara ya zube kafin ya gani. Haka kwana arba'in ya zama wata takwas. Ni ban san ana yi ba. Sha'anin mata ne, kuma ɗakin 'yar fari ne, wurin da ba na ko kallon ƙofarsa.

Abin da idona ya fara gani shi ne wata safiya da ta fito za ta tashi daga kan 'yar kujera ta kasa, sai da ta dafa ƙasa da hannu biyu. Na saci kallonta, abin da ban saba yi ba. Fuska ta yi zagaye ta cika fam, wuya ya yi tudu ta baya, ciki ya fito, amma ƙafafu da damatsa sun tsuke. Mata masu shigowa suna ta guɗa suna cewa amarya ta yi, ni kuwa na daɗe ina kiwo, na san bambancin ƙiba da kumburi. Bayan kwana biyu na shiga Kamlin sayen maganin tarina, na tarar mai kantin magani yana sallamar wata mata da faɗa. Ya ce najma maganin masu fuka ne da masu ciwon ƙoda da na gaɓɓai, likita ke rubuta ta, mai lafiya in ya sha don ƙiba kashe kansa yake yi a hankali. Ya lissafa alamominta, ni kuma ina tsaye ina jin ana zana mini 'yata.

Kun san halina. Ni mutum ne mai yanke abu lokaci guda. Shekara goma sha biyar na yi ina sa garin taba na tumbak a leɓe, ranar da na ce na bari na jefa gwangwanin a wuta, ban sake waiwayarsa ba, kuma ba wanda ya zauna da ni rabin sa'a bai ji wannan labari ba. Haka nake cire ciyawa a hawwasha, gonata ta auduga, da saiwarta. Ina isa gida ban ko cire takalmi ba na kira Rakiya.

"Kawo min ƙwayoyin nan."

"Waɗanne, Yaya?"

"Kin san su."

Ta shiga ta fito da gwangwanin shayi, ta riƙe shi da hannu biyu ba ta miƙo ba.

"Yaya, ka ji ni tukun. Na yarda an daɗe, ya wuce yadda nika yi, laihina na. Amma abin ga ba a barin shi rana guda. Bar min na sati ukku in dinga rage mata, yau guda, jibi rabi. Haka nika yi ma kowace amarya."

"Guba ake ragewa? In kin iske kunama cikin tuhwanki, ƙahwa guda-guda kika cire mata?"

"Wallahi na ga wadda ta bari haka nan a kambo, unguwar 'yan ƙwadago, sai da anka ɗauke ta ranga-ranga."

"Halas, Rakiya. Kawo."

Ta ba ni. Na fita da rana tsaka na bi bayan gari har bakin tur'a, babban magudanar da ke shayar da gonakinmu, na juye gwangwanin a ruwa na tsaya har na ga ta ƙarshe ta nutse. Na dawo gida ina jin daɗin kaina. Na tara matan gidan na ce duk wadda ta sake shigo da najma gidan nan, to ta haɗa kayanta. Rakiya nake nufi, kowa ya sani, kuma ita ba ta da wani gidan a garin.

Kwana biyu Hafsatu ta ture madida. Na uku ta ce ƙasa tana juya mata in ta miƙe. Na huɗu ta fara amai, cikinta yana murɗa, ta kwanta a angarib, gadonta na igiya, ko ɗaga kai ba ta son yi. Uwarku ta zo ta faɗa mini, na ce gubar ce take fita, a ba ta ruwa a ƙyale ta. Rakiya ta sake zuwa bakin rakuba ta durƙusa.

"Yaya, ko rabin guda. Akwai wajen wata mata nan kusa, yanzu in amso."

"Na gama magana."

Ta tashi. Da ta bi ta bayan idona ta karɓo, da wataƙila ba na rubuta wannan. Amma a gidana take cin tuwo, kuma ni na raine ta bayan rasuwar mahaifinmu, ba ta taɓa tsallake maganata ba.

Damina ce, sauro ya cika bakin magudanai, zazzaɓi kuma a yankinmu na Jazira lokacin damina kamar gaisuwa yake, ba gidan da ba ya shiga. Rana ta biyar ya shiga ɗakin Hafsatu. Na ɗora ta a amalanken jaki muka je ɗakin shan magani na ƙauye. Malamin asibitin da muke kira hakim, dattijo mai natsuwa, ya tsaga yatsanta ya duba ya ce malariya ce. Ya ɗaura mata abin awon jini a damtse, ya kwance, ya sake ɗaurawa, ya ɓata fuska. Ya kalli fuskarta da kyau, sannan ya juyo gare ni.

"Ya Hajj, tana shan wani magani?"

Bencin da ke bakin ƙofa cike yake da mutane, cikinsu har da baffan Idrisu da ya kawo ƙafarsa a wanke masa miki. Na ga yadda maganar za ta kai masallaci kafin azahar, a ce 'yar wane da ƙwaya aka hura ta. Na ce a'a, ba ta shan komai. Ban yi ƙarya ba, kwana biyar ke nan ba ta sha ba, kuma da wannan na daɗe ina rarrashin kaina. Hafsatu tana jin mu, kanta a sunkuye. 'Yar fari ba ta gyara wa ubanta magana a gaban mutane. Hakim ya ba da maganin malariya, ya ce jininta ya yi ƙasa, a yawaita mata ruwa da gishiri da sukari, in aman bai tsaya ba a wuce da ita asibiti.

Washegari da safe ta fito za ta yi alwala ta faɗi a tsakar gida. Jikinta ya yi sanyi, gumi yana karyo mata, ana kira ba ta amsawa. Muka sami boksi, motar a-kori-kura mai kai albasa kasuwa, aka shimfiɗa ta a baya. Rakiya ta hau ba ta nemi izinina ba. An yi ruwa, baƙar lakar nan tamu ta kama tayoyi sau biyu, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba sai da ta kai mu azahar. A asibiti wata likita ce, yarinya ƙarama da ba ta fi Hafsatu da yawa ba, ta tare mu. Suna ta neman jijiya a hannu sun rasa, ni ina tsaye ina maimaita musu malariya ce, malariya ce. Sai Rakiya ta ture ni ta shiga gaba.

"Daktora, najma ta sha wata takwas. An tsai da ita kwana shidda, rana guda."

Likitar ta ɗago kai. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, ta juya ta kira sunan wata allura da ƙarfi, aka ruga aka kawo. Suka samu jijiya a ƙafa, suka yi allurar, suka rataya ruwa leda biyu. Wajen la'asar Hafsatu ta buɗe ido ta nemi ruwa, uwarku ta ce alhamdu lillahi, ni ma na ce. Amma fitsari bai zo ba, kuma ba ta sake magana ba. Ta rasu washegari da hantsi.

Kafin mu ɗauke ta likitar ta kira ni baranda. Ta juya bayan wata takarda ta zana ƙoda biyu, ta ɗora wa kowace wani ɗan abu a ka kamar hula. Ta ce waɗannan 'yan tsoka biyu, da ba su kai babban yatsa ba, su ne suke zuba wani sinadari cikin jini da ake kira kotizon. Shi ne yake riƙe ƙarfin jini kada ya faɗi, yake tsare sukarin jiki in mutum bai ci abinci ba, yake kwantar da kumburi. Da asuba yakan ƙaru don mutum ya iya tashi, da dare ya ragu. In zazzaɓi ya zo, ko rauni, ko tiyata, ƙwaƙwalwa takan aika musu su ninka shi, da haka jiki yake tsayawa da ƙafarsa. Najma kuwa, in ji ta, kwaikwayon wannan sinadarin ce, an ƙara mata ƙarfi. In tana shigowa daga waje wata da watanni, ƙwaƙwalwa sai ta ga jini a cike, ta daina aike, 'yan tsokar nan su kwanta su shanye. Ta ce kamar rijiya ce da aka daina ja don an sami famfo. Ranar da famfo ya tsaya ba a samun ruwa a rijiyar sai an yashe ta, kuma yasar tana ɗaukar makonni ko watanni. Shi ya sa ake rage ƙwayar kaɗan-kaɗan, don su farka. Malariya ta zo ta sami yarinyar ba na waje, ba na ciki.

"Wa ya tsayar mata?"

"Ni."

Ta ajiye alƙalamin.

"Ya Hajj, tun farko bai kamata a ba mai lafiya wannan ƙwaya ba, wannan kuskure ne babba. Malariyar ma mai nauyi ce, ba zan rantse maka a kan abin da Allah kaɗai ya sani ba. Amma da an faɗa shekaranjiya, allurar nan ba wuyar samu gare ta ba, kuma na ga da yawa da ta tayar."

Ba wanda ya ji wannan magana sai ni. Na ninke takardar na sa a aljihu.

A zaman makoki, rana ta farko, ina kan tabarma da maza a ƙofar gida muka ji muryar uwarku daga ciki. Ita ma ba ta taɓa kiran sunan 'yar farinta ba, ran nan ta kira shi da ƙarfi har sau uku, sannan ta ce, "Rakiya, ke kinka kashe min ɗiya." Muka jira mu ji amsa, ba mu ji ba. Maza suka kawar da kai, wani ya ja salati. Da liman ya matso ya tambaye ni a hankali me likita ta ce, na ce masa ƙwayar najma ce. Nan ma ban yi ƙarya ba. Kafin sadakar uku labari ya gama gari cewa ni na gano abin na zubar a tur'a, sai dai na makara. Mutane suka riƙa riƙe hannuna suna cewa da kowane uba kamar ni yake da an huta. Har a huɗuba aka yi misali da ni ba tare da kama suna ba. Na karɓi wannan yabo na zauna a kansa. Ba wanda ya sake kiran Rakiya lalle, mata suka daina amsa mata sallama da kyau, kuma bayan arba'in ta ɗaure kayanta a zane ɗaya ta tafi wurin ɗanta a Rusairis. Na raka ta bakin mota. Ta ce in yafe mata, na ce Allah ya yafe mana, na dawo.

Shekaru bayan haka ƙurar auduga ta biyo ni bashin numfashi, tarina ya zama fuka. Ranar da ƙirjina ya toshe aka kai ni asibiti ina shure-shure, 'yar'uwar wannan ƙwaya aka ba ni, kuma kafin la'asar ina shaƙar iska kamar yaro. Don haka kada wani ya ce muku guba ce. Magani ce, ta fitar da ni daga bakin kabari fiye da sau ɗaya. In an ɗora ni a kanta na kwanaki da yawa, likita yakan rubuta mini yadda zan sauka: huɗu, uku, biyu, guda, rabi. Kun sha ganina a rakuba da reza ina raba 'yar ƙwaya biyu, kuna yi mini dariya wai Baba ya tsufa ya koma rowar magani. Lissafin da Rakiya ta roƙe ni in bar ta ta yi ke nan, ita da ba ta taɓa shiga aji ba.

Uwarku ta rasu ba ta sani ba. Sau da yawa na yi niyyar faɗa mata, in ga ta kawo mini abinci ta zauna gefe tana yi mini fifita, sai in ce gobe. Tsoro ne, ba wani abu ba. Bayan an share makokinta na hau hafila, babbar motar haya, zuwa Rusairis, karo na farko a shekara goma sha tara. Na sami Rakiya a inuwar ɗaki tana tsince wake da lalube, don idonta ya yi rauni. Ta gane ni da tari. Muka gaisa, na faɗa mata rasuwar, ta yi addu'a mai tsawo, ta share ido da bakin mayafi. Na ce mata likita ta yi mini bayani tun ranar, na san abin da zubar da ƙwayar nan ya yi.

"Na san ka sani, Yaya. Na gan ku a baranda."

"To mi ya hana ki faɗi? Ranar da ta kira sunanki gaban mata, mi ya hana?"

"Hawwa ta rasa ɗiya. In na buɗe baki sai ta rasa miji kuma, ga yara ƙanana. Ni ƙanwa ce, gida na iya zama ba ni."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ni da na yi rayuwata ina taƙama da ita. Na ce mata zan faɗa muku.

"In za ka faɗi, faɗi duka, har da nawa. Ni na fara ba ta, kuma na ga wata na wucewa ban tsaya ba. Kar ka wanke ni, ban wanku ba."

Na ce to. Ta jawo tiren waken ta ci gaba da tsincewa, can ta tambaye ni ko kun yi aure, na ce dukanku. Ta ce 'ya'ya fa? Na ce goma sha ɗaya. Ta ajiye tiren ta ce in faɗa mata sunayensu, a hankali. Na riƙa kira ɗaya bayan ɗaya tana maimaitawa tana lanƙwasa yatsa, don ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba.